Ƙurar Hamada da Lafiyar Ɗan'adam: Abin da Ke Saura Bayan Guguwa Ta Lafa

A farkon watan Mayun 2018, guguwar ƙura mai tafe da tsawa ta afka wa jihohin Uttar Pradesh da Rajasthan a arewacin Indiya, ta hallaka mutum fiye da ɗari, akasarinsu gini ne ya rufta musu ko bishiya ta faɗo a kansu. Shekara huɗu bayan haka, a tsakanin Afrilu da Mayun 2022, guguwa ta yi ta turnuƙe Iraƙi a kai a kai, har aka rufe makarantu da filayen jiragen sama na Bagadaza da Najaf, kuma dubban mutane suka cika asibitoci saboda sarƙewar numfashi. Irin waɗannan ne labaran da ake ji, domin ɓarnar tasu ido na ganinta, kuma ana iya ƙirga gawa da majinyata a ranar da abin ya faru. Sai dai mafi yawan cutarwar da ƙurar hamada ke yi wa ɗan'adam ba ta zuwa da wannan ƙugi. Tana zuwa ne cikin siririn hazon da ke rataye a sama kwana da kwanaki bayan iska ta kwanta, wanda mutane suka ɗauka yanayin gari ne kawai, suna shaƙa suna ci gaba da harkokinsu.

Kafin a gane dalilin haka, sai an raba yashi da ƙura, domin ko da yake tare suke tashi, ba tare suke tafiya ba. Ƙwayar yashi tana da nauyi, iska ba ta iya ɗaga ta sosai, saboda haka tsalle-tsalle take yi kusa da ƙasa ta faɗi ba da nisa ba. Amma duk lokacin da ta faɗo ta bugi busasshiyar ƙasa, sai ta farfasa ta, ta saki garin ƙura mai laushi, shi kuwa wannan garin yana iya hawa kilomita da yawa a sama, ya yi mako guda ko fiye bai sauko ba, ya ƙetare teku. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin tan biliyan 2 na ƙura ke shiga sararin samaniya kowace shekara, kuma abin yana shafar ƙasashe fiye da 150. Kowace al'umma da sunan da ta raɗa wa tata: a Sudan habub ake ce wa bangon ƙurar da ke rufe Khartum, a Iraƙi iskar shamal ce ke kawo ta, a tsibiran Kanariya kalima ake kiran ƙurar Sahara idan ta sauka, a Koriya da Japan kuwa ana kiranta rawayar ƙura, wadda ke tasowa daga hamadar Gobi da ta Taklamakan. A Afirka ta Yamma ita ce hazon hunturu.

Sahara ce uwa a wannan fage, kuma a cikin Sahara babu kamar Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Wurin ƙasan wani makeken tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan abin da ya rage ne daga gare shi. Ƙasar wurin fara ce mai laushi kamar alli, domin ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru a can. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar ruwan da aka matse wa bakin tiyo, ta yi ta kwasar wannan gari na kusan kwana ɗari a shekara. Wani ɓangare na ƙurar Sahara yana ƙetare Tekun Atlantika har ya kai dajin Amazon, inda sinadarin fosforas da ke cikinsa ke zame wa itatuwa taki. Wato abin da ke ciyar da daji a wata nahiya shi ne ke shaƙe jariri a wata.

Masana lafiya suna auna ƙura da girman ƙwayarta, domin girman ne ke nuna iya inda za ta kai a cikin jiki. Ma'aunin shi ne maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum yana kai maikiromita 50 zuwa 70. Ƙurar da ba ta wuce maikiromita 10 ba ana ce mata PM10, wadda ba ta wuce 2.5 ba kuma PM2.5. Babban mutum yana shaƙar iska lita dubu goma ko fiye a wuni, kuma jiki yana da matakan tsaro a kan hanyar: gashin hanci yana tare manya, majina tana manne matsakaita, sannan wasu ƙananan gasu da ke shimfiɗe a bututun numfashi suna turo abin da ya maƙale zuwa sama a fitar da shi ta kaki ko a haɗiye. Ƙananan ƙwayoyin kuwa suna zille wa duk wannan, su gangara har cikin 'yan jakunkunan iska da ke can ƙarshen huhu, inda jini ke karɓar iskar oksijin. A nan babu gashi, babu majinar da za ta share su. Sai dakarun garkuwar jiki su taru su haɗiye su, kuma wannan taron dangin shi ke haifar da kumburi.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, matsakaicin PM10 a wuni bai kamata ya wuce maikirogiram 45 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace kubik mita ta iska ba, na PM2.5 kuma 15. A ranar 15 ga Maris 2021, lokacin da guguwa daga Mongoliya ta rufe birnin Beijin, awon PM10 ya haura 8,000 a wasu unguwanni. Wannan rana ce ta musamman, amma ko a ranar hazo da aka saba gani a yankin Sahel, awon yakan ninka ƙa'idar sau da yawa, kuma ba wuni ɗaya yake yi ba, watanni yake ɗauka.

Abin da mai cikakkiyar lafiya ke ji ba ya wuce ƙaiƙayi da jan ido, kaushin maƙogwaro, atishawa, tari, bushewar fata, wani lokaci haɓo idan fatar cikin hanci ta tsage. Waɗannan sukan wuce da kansu, kuma su ne suka sa aka raina lamarin. Mai asma kuwa labarinsa daban ne, domin bututun numfashinsa a shirye suke su tsuke da zarar wani abu ya taɓa su, haka ma tsohon da huhunsa ya riga ya gaji da hayaƙin taba ko na itacen girki. Bincike a ƙasashe masu nisa da juna, daga Kuwait zuwa Japan zuwa Girka, ya nuna cewa masu zuwa sashen gaggawa saboda asma da sauran cututtukan numfashi suna ƙaruwa a ranakun ƙura da 'yan kwanakin da ke biye.

Wanda mutane ba su cika kawowa a rai ba shi ne zuciya. Kumburin da ya fara a huhu ba ya tsayawa a can, domin sinadaran da garkuwar jiki ke saki suna bin jini su zaga ko'ina. Suna sa jijiyoyin jini su tsuke, jini ya ƙara saurin daskarewa, bugun zuciya ya rikice. Ga wanda jijiyoyinsa suka riga suka cushe saboda hawan jini ko ciwon suga ko shekaru, wannan ɗan ƙarin nauyi na iya zama sanadin tsayawar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Masu bincike a biranen kudancin Turai, irin su Basalona, da kuma na gabashin Asiya, sun kwatanta yawan mace-mace a ranakun da ƙurar hamada ta sauka da na sauran ranaku, kuma da dama daga cikinsu sun ga ƙari a mutuwar da ta shafi zuciya da numfashi. Dattijon da ya faɗi kwana biyu bayan guguwa, a takardar asibiti ciwon zuciya za a rubuta, ba wanda zai ambaci ƙura, saboda haka ba ya shiga lissafin waɗanda guguwar ta kashe.

Gaskiya ne cewa sakamakon binciken bai zo iri ɗaya a ko'ina ba, kuma masana sun daɗe suna muhawara a kan ko garin ƙasa yana da dafi daidai da hayaƙin mota da na masana'anta. Wani ɓangare na saɓanin ya samo asali ne daga cewa ƙurar ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta taso daga Gobi tana ratsa yankunan masana'antu na Sin kafin ta isa Koriya, ta kwaso sinadaran hayaƙi da ƙarafa masu guba a jikinta. Wadda ta taso daga ƙasan tafki tana ɗauke da gishiri. Kusan dukkansu kuma suna tafe da ƙwayoyin bakteriya da irin funfuna da garin furanni. Ƙwayar ƙura tamkar abin hawa ce, cutarwarta ta danganta da abin da ta ɗauko a hanya da kuma jikin da ta sauka.

Inda shaida ta fi tayar da hankali shi ne a kan jarirai. A 2020, masu bincike daga Jami'ar Stanford ta Amurka sun wallafa wani nazari da ya haɗa bayanan haihuwa kusan miliyan ɗaya daga ƙasashe 30 na Afirka kudu da Sahara da hotunan tauraron ɗan'adam na ƙurar da ke tashi daga Bodele. Hikimar nazarin ita ce, yawan ƙurar da Bodele ke fitarwa a wata shekara ba shi da alaƙa da talaucin wani gida da ke nesa da shi da kilomita dubu, saboda haka idan mutuwar jarirai ta hau ta sauka tare da ƙurar, da wuya a ɗora laifin a kan wani abu dabam. Abin da suka gano kuwa shi ne, a shekarun da ƙurar ta yi yawa, jariran da ke mutuwa kafin cika shekara ɗaya suna ƙaruwa sosai, musamman a Afirka ta Yamma. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jariri yana numfashi da sauri fiye da babba, yana shaƙar iska mai yawa idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, bututun numfashinsa sirara ne da ɗan kumburi kaɗan ke toshewa, kuma ciwon huhu dama yana cikin manyan masu kisan yara ƙanana.

Sai batun sanƙarau, wanda alaƙarsa da ƙura ta fi kowace daɗewa a idon likitoci. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana yankin da annobar ke yawan ɓarkewa, wanda a yau ake kira zirin sanƙarau, ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha ya ratsa ƙasashe 26. Abin mamaki game da wannan cuta shi ne yadda take bin kalanda. Tana farawa idan hunturu ya kankama, ta kai ƙololuwa a tsakiyar zafin bazara, sannan ta yanke da zarar ruwan farko ya sauka. Ƙwayar da ke haddasa ta ba daga hamada take zuwa ba, a cikin maƙogwaron mutane take zaune, kuma kimanin mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita ba tare da ta yi masa komai ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, busasshiyar iska mai ƙura tana kankare lallausar fatar hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayar ƙofar shiga jini, daga nan ta kai ga rigar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Tari da atishawar da ƙura ke jawowa, da cunkoso a ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda sanyi, suna taimaka mata ta yaɗu.

A annobar 1996 zuwa 1997, mutum fiye da 250,000 suka kamu a wannan zirin, fiye da 25,000 suka rasu. Ko a yau, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan ɗaya cikin shida na masu kamuwa da sanƙarau na bakteriya suna mutuwa, kuma ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira suna ƙarewa da nakasa kamar kurumta ko farfaɗiya. Rigakafin MenAfriVac da aka fara yi a Burkina Faso a ƙarshen 2010 ya kusa kawar da nau'in A na ƙwayar cutar, wanda shi ne ya fi ɓarna a da. Amma nau'ikan C da W da X sun ci gaba da ɓulla, shi ya sa aka samar da sabon rigakafi mai kariya daga nau'i biyar, wanda Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da shi a 2024. Darasin da ke nan mai amfani ne ga duk wanda ke tunanin yadda za a yi da ƙura: ba a tsayar da iskar ba, ƙurar ma tana nan yadda take, amma an toshe hanyar da take bi ta kashe mutane.

Akwai kuma cutar da ƙurar ce da kanta ke ɗauke da ita. A busassun yankunan kudu maso yammacin Amurka, musamman Arizona da Kwarin San Joaquin na Kalifoniya, akwai wata funfuna da ke rayuwa a cikin ƙasa, wadda idan aka shaƙi irinta take haddasa abin da suke kira zazzaɓin kwari. Yawancin waɗanda suka shaƙa ba sa jin komai ko su yi ɗan zazzaɓi da tari, amma a wasu tana cin huhu, a kaɗan kuma ta bazu zuwa ƙashi da ƙwaƙwalwa. Bayan wata gagarumar guguwa a wannan kwari a Disambar 1977, cutar ta ɓulla a garuruwan da ke da nisan ɗaruruwan kilomita zuwa arewa, har yankin Sacramento, inda ba a saba ganinta ba.

Cutarwar da ke ɗaukar shekaru ita ce aka fi ƙarancin nazari a kanta. Mafi yawan ƙurar hamada tana ɗauke da silika, sinadarin da ke taurara huhun masu haƙar ma'adinai da masu fasa dutse. Dakarun garkuwar jiki suna haɗiye shi amma ba sa iya narkar da shi, sai su mutu, wurin ya zama tabo, tabon kuma ba ya komawa huhu. An ga alamun irin wannan tabo a huhun mazauna wasu ƙauyukan Ladakh a tsaunukan Himalaya da kuma Badawiyawan hamadar Negev, mutanen da ba su taɓa shiga ramin ma'adini ba. Amurkawa ma sun ɗanɗana a shekarun 1930, lokacin da fari da noman da ya tuge ciyawar filayen Oklahoma da Kansas da Texas suka mayar da yankin kwanon ƙura, yara da tsofaffi suka yi ta mutuwa da abin da aka kira ciwon huhun ƙura.

Wannan misali na ƙarshe yana tuna mana cewa ba kowace ƙura ce daga Allah kawai ba, akwai wadda hannun mutum ya tayar. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙurar duniya yana da nasaba da ayyukan ɗan'adam, kamar sare itatuwa, kiwon da ya fi ƙarfin makiyaya, da karkatar da koguna. Tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan ya taɓa zama tafki na huɗu mafi girma a duniya. Daga shekarun 1960 gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa ban ruwan gonakin auduga, tafkin ya ƙafe, ƙasansa ya zama sabuwar hamada mai cike da gishiri da ragowar maganin ƙwari da takin zamani da suka gangaro cikinsa shekara da shekaru. Iska tana kwasar wannan gauraye ta zuba wa mutanen Karakalpakistan da ke cikin Uzbekistan, yankin da ya yi ƙaurin suna wajen cututtukan numfashi da ƙarancin jini. Irin haka ta faru da Tafkin Owens a Kalifoniya bayan an janye ruwansa zuwa Los Angeles daga 1913, da kuma fadamun Hamun a iyakar Iran da Afganistan, inda birnin Zabol ke shan iskar da suke kira ta kwana 120.

Akwai wani abu a tsarin dokokin iska da, a ganina, ya ƙara ɓoye matsalar. Dokokin Tarayyar Turai da na Amurka duk sun ba hukumomi damar cire ranakun ƙurar hamada daga lissafi idan ana duba ko birni ya karya ƙa'idar tsabtar iska. Ta fuskar hukunci akwai hujja a ciki, domin ba adalci ba ne a ci tarar wani gari saboda abin da iska ta kawo masa daga wata nahiya. Amma huhu ba ya tambayar asalin ƙura, kuma abin da aka cire daga lissafi da wuya a ware masa kuɗi. A ƙasashen da ke bakin Sahara ma abin ya fi haka muni, domin na'urorin auna iska a ƙasa kaɗan ne ƙwarai, kuma yawancin mace-mace ba a rubuta sanadinsu. Sakamakon haka, binciken da aka yi a kan illar ƙurar Sahara ga mutanen Turai, waɗanda ragowarta kawai ke isa gare su, ya fi wanda aka yi a kan waɗanda ke zaune a bakin murhunta yawa.

Shawarwarin kariya ga mutum ɗaya sanannu ne: a zauna a ɗaki a rufe tagogi idan ƙura ta turnuƙe, a guji motsa jiki mai tsanani a waje, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da busasshiyar tsintsiya, a wanke ido da ruwa mai tsabta kada a murza, mai asma ya ajiye abin shaƙarsa kusa. Takunkumin N95 idan ya zauna daidai a fuska yana tare ƙananan ƙwayoyi, rawani ko gyale kuwa manyan kawai yake ragewa. Direban da bangon ƙura ya rutsa da shi, hukumomin Arizona suna koya masa ya sauka daga titi gaba ɗaya, ya tsaya, ya kashe fitilunsa, don kada na bayansa ya bi hasken ya afka masa yana zaton a kan hanya yake. Sai dai duk waɗannan shawarwari an gina su ne a kan guguwar da ke zuwa ta wuce cikin sa'o'i. Makiyayi da manomi da ɗan dako ba za su yi wata uku a ɗaki ba, kuma ɗakin da ba shi da gilashi a taga cikinsa da wajensa kusan duk ɗaya ne.

Dashen itatuwa, irin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 ko wanda Sin ta fara a arewacinta tun 1978, yana rage ƙurar da ke tashi daga gonaki da makiyayar da suka lalace, amma ba zai taɓa Bodele ba, inda babu mai zama kuma ba abin da ke tsirowa. Abin da ya rage a hannu game da irin wannan ƙura shi ne sanin zuwanta tun kafin ta iso. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta kafa tsarin gargaɗin guguwar yashi da ƙura a 2007, kuma cibiyarta da ke Basalona tana hasashen inda ƙurar Sahara za ta nufa kwana biyu zuwa uku gaba. A 2018 an fara fitar wa Burkina Faso taswirar gargaɗi mai launuka, yanki bayan yanki, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu ƙasashen Sahel. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 12 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da guguwar yashi da ƙura, ta kuma keɓe 2025 zuwa 2034 ga wannan aiki. Hasashen kwana uku ya isa asibiti ya tanadi iskar oksijin da maganin asma, makaranta ta hana yara wasa a fili, ma'aikatan lafiya su sa ido a kan zazzaɓi mai sanƙarar da wuya, muddin saƙon ya fito daga kwamfutar masana yanayi ya shiga rediyo da wayar hannu cikin harshen da uwar jariri ke ji.